Abin da Na Ce Na Gani a Bakin Rumbu

Jikata ce ta tono mini wannan zance. Ta zo hutu daga makaranta, muna zaune a tsakar gida a nan Kazaure ina tsince wake, sai ta ce wai a darasinsu ana koya musu yadda hankalin ɗan Adam yake aiki: yadda ido ke ɗaukar abu, yadda kunne ke zaɓen abin da zai saurara ya bar saura, da yadda mutum ke ajiye magana a ka ya ɗauko ta bayan shekaru. Ta ce, "Kaka, kin san ƙwaƙwalwa ba kamar waya take ba? Waya idan ta ɗauki hoto, yadda ta ɗauka haka za ta nuna. Mutum kuwa duk sanda ya tuno abu, sake gina shi yake yi, ya cike inda ya ɓace bai ma sani ba." Na ajiye faifan na dube ta, na ce wannan karatun an yi mini shi tun ban kai shekarunta ba, kuma wadda ta yi mini shi ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ta yi dariya, ta ɗauka wasan kaka da jika ne. Ni kuwa tun ranar hankalina ya koma ƙauyenmu, ya ƙi dawowa.

Ƙauyen yana ƙasar Roni, a gindin duwatsu, ta inda hanyar ƙafa ke miƙewa zuwa Gwiwa. Ba mu da agogo a lokacin, kunne ne ke gaya mana inda rana ta kai. Bayan kiran asuba sai ƙarar guga tana dukan bakin rijiya, sai kukan jakuna, sai daka ya tashi daga gida zuwa gida. Kowace mace da irin saukar taɓaryarta. Mutum yana cikin ɗaki zai ce wance ce ke daka, har ya ƙara da cewa yau ranta a ɓace yake. Da hantsi shanun rugar Fulani da ke bayan dutse su ratso ta gefen gari, ƙasa na amsa kofatonsu, matan rugar su biyo baya da ƙoren nono a ka, suna gaishe mu da Hausa suna hira da juna da Fulatanci. Aikina shi ne ɗiban ruwa safe da yamma, da surfe, da tsinkar zogale. Yanzu idan na kasa kunne a unguwarmu, injin niƙa nake ji da babura, kowanne irin ɗan'uwansa, ba wanda zan ce ga mai shi.

A gidanmu akwai Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ita da Baba ba sa kiran sunana, Uwata suke cewa. Gwaggo ita ce ma'ajiyar garin. Idan za a ɗaura aure, sai an zo an durƙusa an tambaye ta ko yaron da yarinyar sun taɓa shan nono ɗaya, domin ta san wadda ta shayar da ɗan wata lokacin da uwarsa ke jinya, ko da an yi shekara ashirin. Idan an yi gardamar iyakar gona, ita za ta ce a da akwai kututturen gawo a wurin, a tona, kuma a tona a samu saiwar. Na taɓa tambayarta yadda take yi. Ta ce ba ta ajiye abu shi kaɗai, sai ta ɗaura shi da wani: haihuwar wane tana tafe da ranar da tsamiya ta nuna da baƙon da ya sauka a zaure, idan ta jawo ɗaya sai sauran su biyo. Kuma idan tana kaɗi da rana, za ka ga leɓenta yana motsi. Gidajen gari take bi ɗaya bayan ɗaya daga gabas zuwa yamma, tana ambaton mutanen ciki, rayayyu da matattu, don kada wani ya zame mata. Amma abin da ya sa aka fi yarda da ita ba yawan abin da ta riƙe ba ne. Ba ta jin nauyin cewa "wannan ban sani ba," ko "wannan ji na yi, ban gani ba."

Tana da wata al'ada da ke gundurar mu yaran gidan. Idan ta aike ki kasuwa ko gidan suna kika dawo da labari, ba za ta bar ki ki zuba shi yadda kike so ba. Sai ta tsayar da mazari ta ce, "Tsaya, Uwata. Wanne kika gani da idonki, wanne kika ji a bakin wani, wanne kuma kika zata?" Sai kin rarraba mata su kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Sau da yawa labarin da ya cika baki sai ya koma loma ɗaya. Ina kallon yaran yau, lambar wayar uwarsu ma ba su riƙe a ka ba, kuma labari yana shigowa wayarsu su tura shi gaba kafin su gama karantawa. Ba na ganin laifinsu, sun sami abin da ke riƙe musu, mu ba mu samu ba. Abin da nake jin kewa shi ne mai tsayar da mazari ta yi wannan tambayar.

Shekarar da abin ya faru na zama budurwa, ana maganar aurena amma ba a sa rana ba. An yi damina mai kyau, Baba ya cika rumbunsa biyu da damman gero a bayan gida, kusa da dangar maƙwabta. Sai dai akwai wata 'yar tsama a ƙasa. Kafin a cire amfani, shanun ɗan Ardo, wato babban ɗan shugaban rugar nan, sun faɗa wa Baba gonar wake. An sasanta a gaban dagaci, amma Baba ya yi kwanaki yana maimaita zancen a gida, yana cewa mutumin nan ya dube shi da wani irin ido da za su rabu. Ni ban je wurin sasancin ba, ban ga idon ba, amma na ji zancensa har ya zauna mini.

Ranar, bayan la'asar, ina dawowa daga rijiya da tulu a ka. Na kawo gindin wata tsamiya da ke kan hanya sai na ji ƙauri, na ɗaga ido na ga hayaƙi ya turnuƙe bayan gidanmu, jinkar babban rumbu tana ci. A cikin hayaƙin na ga mutum ya fito da gudu ya nufi bayan dutse. Daga tsayinsa da malafarsa na gane ɗan Ardo ne. Na saki tulun ya fashe, na ruga gida ina ihu. Kafin maza su taru da ruwa da ƙasa, babban rumbun ya zama toka, ƙaramin ne aka ceto rabinsa. Abincin shekara ya tafi muna kallo.

Jama'a suka kewaye ni ana tambaya. Na faɗa, aka sake tambaya, na sake faɗa. Kafin magariba duk garin ya san cewa 'yar gidan ta ga ɗan Ardo da bakin wuta a hannu. Samari suka je suka taho da shi, aka ga hannayensa sun ƙone, gashin girarsa ya babbake, aka ce to ga shaida ta biyu. Ya yi magana sau ɗaya, ya ce kashe wutar ya zo yi, hayaniya ta danne muryarsa, daga nan ya sunkuyar da kai. Wasu suka fara cewa a je a yi wa rugar abin da aka yi wa rumbu. Dagaci ya tsawatar, ya sa aka ajiye shi a zaurensa, ya ce Ardo ya tafi kasuwar shanu a Babura, sai jibi idan ya dawo za a zauna. Kowa ya san abin da zaman zai haifar: a miƙa mutumin ga hukuma, a kuma tashi rugar da ta fi ni shekaru a wurin. Kuma duk abin a kan bakina ya rataya.

Ban yi shakkar komai ba. Idan na rufe ido ina ganin wutar a hannunsa, ja, tana zubar da tartsatsi. Da an ba ni Alƙur'ani a ranar da na dafa.

Gwaggo ba ta ce mini komai ba sai washegari da aka yi la'asar. Ta ɗauko wani tulu ta cika da ruwa ta ce in ɗauka, mu je. Ta kai ni gindin tsamiyar ta ce in tsaya daidai inda na tsaya jiya, ga ma fasassun tulun nan a ƙasa. Ta ce kada in sauke. Ita kuma ta taka a hankali har bakin ƙonannen rumbun, ta juyo, ta ɗaga wani abu sama, ta ɗan yi tafiya da shi, sannan ta ɓoye shi a bayanta ta dawo. Rana ta yi ƙasa, tana dukan idona kai tsaye, ga nauyin tulu ya hana ni ɗaga kai sosai.

Ta ce, "Me na riƙe?"

Na ce, "Muciya."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Gwaggo. Har kanta na gani."

Ta fito da hannunta. Karan dawa ne, busasshe.

Ta ce, "Kullum war haka muciya kike gani a hannuna, shi ya sa. Yau babu hayaƙi, babu tsoro, ni kuma tafiya nake ba gudu ba. Sauke tulun ki zauna."

Na sauke na zauna. Ta ce, "Jiya da kika shigo gida ina bakin murhu. Na riƙe abin da kika faɗa, 'yan kalmomi ne kaɗan. Kin ce, 'Wuta a rumbu, ga ɗan Ardo can yana gudu da abu a hannu.' Abu kika ce, Uwata. Wa ya fara cewa bakin wuta?"

Na shiga lalube a kaina. Da farko babu komai sai hayaniya. Can sai muryar ta fito mini: wani maƙwabcinmu ne, ya dafa kafaɗata yana haki ya ce, "Bakin wuta ne ko? Bakin wuta kika gani?" Ni kuma na ce e. Na tuna a faɗa ta biyu na ce yana hayaƙi, a ta uku na ce yana ci, a ta huɗu har tartsatsi na sa masa. Kuma kowane karo ina faɗa ina ganinsa haka.

Na fashe da kuka na ce, "Wallahi Gwaggo ba ƙarya na yi ba."

Ta ce, "Na sani. Da ƙarya kika yi da abin ya zo da sauƙi, sai in ce ki tuba. Idonki ya kawo rabi, zuciyarki ta ƙarasa sauran da abin da ta tarar a gida, zancen wake da zancen kallo. Kowa haka yake, har ni. Ban ce bai sa wutar ba, ban sani ba, ba na wurin. Ke ma ba ki sani ba. Gobe abin da kika gani za ki faɗa, ki tsaya a nan."

Da muka koma gida ta sami Baba a zaure ta gaya masa a gabana. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Yaya, so kike yarinyar nan ta tashi a gaban jama'a ta ce jiya ba ta san abin da take faɗa ba? Wa zai ƙara yarda da maganar gidan nan? Ga maganar aurenta ana yi."

Gwaggo ta ce, "Geronka ya ƙone, ko an tashi ruga goma ba zai dawo ba. Idan shi ya sa, Allah zai tona shi ta wata hanya. Idan kuma ba shi ba ne, ka ɗora wa yarinyar nan alhakin mutum ta shiga da shi ɗakin miji. Ni ba zan zauna ina kallo ba."

Baba ya tashi ya tafi masallaci, bai kuma hana ba.

Da safe aka cika ƙofar gidan dagaci. Ardo ya dawo, yana zaune gefe da 'yan'uwansa, sandunansu a ƙasa. Ban taɓa magana a gaban maza masu yawa haka ba. Na durƙusa daga bakin zaure, Gwaggo tana bayana, ina jin gwiwarta a gadon bayana. Dagaci ya ce in faɗi abin da na gani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga rumbu yana ci. Na ga ɗan Ardo ya fito daga hayaƙi da gudu, da wani abu dogo a hannunsa. Wannan shi ne abin da na gani. Cewa bakin wuta ne, a bakin wani na fara ji, na amsa. Cewa shi ya sa wutar, zato na yi. Ban ga lokacin da ta tashi ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Na ji wani yana cewa an juya yarinyar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dagaci ya ɗaga hannu, ya daɗe yana dubana, sannan ya juya ga ɗan Ardo ya ce ya yi magana, yau za a saurare shi. Mutumin ya ce yana komawa ruga ya hango hayaƙi, ya karyo reshen sabara ɗanye ya yi ta dukan wutar har jinka ta rufto ta lashe masa hannu da fuska. Da ya ga ta fi ƙarfinsa kuma iska na kaɗa ta, sai ya ruga ya kira 'yan'uwansa su kawo ɗauki, ya yar da reshen a kan hanya. Dagaci ya tashi mutum biyu, ɗaya daga gari ɗaya daga ruga, su bi hanyar. Ba su daɗe ba suka dawo da reshen, ganyensa ya yi baƙi ya nannaɗe, gindinsa kuwa ɗanye shar. Aka ajiye shi a tsakiyar fili kowa ya gani. Dagaci ya ce ba shi da abin da zai riƙe mutum da shi, ya sallame shi.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Kwana uku ana kallona a rijiya ana ƙus-ƙus. A rana ta huɗu wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda dangarta ke jingine da rumbun, ta shigo wurin Gwaggo ta zauna. Ta ce ranar ta kwashe tokar murhu ta zubar a bayan danga, ta ɗauka ta mutu. Tun da wutar ta tashi ta san daga inda ta fito, tsoro ya rufe mata baki. Ta ce da ta ji yarinya ta tashi a gaban maza ta rage maganarta da kanta, abinci ya daina shiga mata. Gwaggo ta riƙe hannunta ta raka ta wurin Baba. Baba ya ce tsautsayi ne, ya yafe. Washegari ya sa babbar riga, ya ɗauki goro, ya taka har ruga shi kaɗai. Bai taɓa gaya mana abin da ya faɗa a can ba. Abin da muka gani shi ne dangi da maƙwabta sun yi ta kawo dammai har muka kai damina, kuma da rani shanun rugar suka kwana a gonarsa suka bar masa taki.

Ni ma na so in ba da haƙuri, na rasa ta inda zan fara. Wata safiya na haɗu da ɗan Ardo a hanyar rijiya, hannayensa naɗe da tsumma. Na sauke tulu na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi tsamiyar, ya dubi inda rumbun yake a da, kamar mai auna nisa. Ya ce, "Tashi, 'yar Malam. Da ni ne a nan na hango mutum yana gudu a can, abin da zan ce ke nan." Ya kora shanunsa ya wuce.

Gwaggo ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta bar duniya, ba ta kuma taɓa yabona a kai ba. Yanzu na girme ta a shekaru. An sha kirana shaida a rigimar dangi da ta maƙwabta, kuma na san wasu suna jin haushin yadda nake rage magana, in ce wannan na gani, wannan ban gani ba, alhali suna so in cika musu. Ba su san abin da nake ɗauke da shi ba. Na ga reshen sabarar nan da idona a tsakiyar fili, na ji tsohuwar da kunnena, na san gaskiyar abin kamar yadda na san sunana. Amma har yau, idan na rufe ido na koma gindin tsamiyar, ba reshe nake gani a hannun bawan Allahn nan ba. Wuta nake gani, ja, tana zubar da tartsatsi, kuma ta fi duk abin da ya faru da gaske a ranar fitowa sarai. Sai in buɗe ido in nema masa gafara, in nema wa kaina.